Shawarwari ga Manoma: Me Ya Sa Murar Kaji Ke Ƙin Jin Magani?

Wata hajiya daga Rikkos, cikin Jos, ta rubuto: "Likita, ka taimaka mini. Tun shigowar hunturu kajina masu ƙwai ke minshari da atishawa, wasu ido ya kumbura. Na ba su niyomaisin da kolistin a ruwa, na koma amoksisilin, har yau babu sauƙi. Ko jabu aka sayar mini?"

Hajiya, Allah Ya sawwaƙe. Jabu akwai shi a kasuwa, amma ko na ainihi kika samu, waɗannan ukun ba su ne maganin abin da kika bayyana ba. Duk maganin da kaza ta sha sai hanji ya tsotse shi, jini ya ɗauka, sannan ya ratsa zuwa maƙogwaro da huhu. Niyomaisin da kolistin hanji ba ya tsotsar su sai ɗan abin da ba a rasa ba. A hanjin suke aikinsu, su fita cikin kashi, shi ya sa ake ba da su don zawo. Amoksisilin kuwa yana shiga jini, sai dai bangon jikin ƙwayar cuta yake rushewa, ita kuma maikofulasma, wadda ta fi haddasa wannan doguwar mura, ba ta da bangon kwata-kwata.

Ko an dace da magani, halittar kaza kanta tana kawo cikas. Bayan huhu, tana da jakunkunan iska guda 9, masu siririyar fata, jijiyoyin jininsu ƴan kaɗan. Inda jini bai wadata ba, magani ma ba ya isa da yawa. In aka yi sakaci har ƙwayar E. coli ta biyo baya, mugunya ta taru a jakunkunan nan. Mugunyar kaza ba ruwa-ruwa take ba, daskarewa take kamar gwaiduwar dafaffen ƙwai, kuma babu maganin da ke ratsa ta. Ki sa a feɗe wadda ta mutu ki gani da idonki. Kazar da ta kai nan, ware ta ya fi ɓarnar kuɗi a kanta.

Magungunan da ke taruwa sosai a huhu su ne irin su tailosin, tilmikosin, tiyamulin da doksisaikilin, kuma sai an fara da wuri. Kowanne da sharaɗinsa. Doksisaikilin yana maƙalewa da sinadarin kalsiyam, abincin masu ƙwai kuwa cike yake da shi, don haka abin da ke kaiwa jini ya ragu. Tilmikosin ba a ba kajin da ake cin ƙwansu. Sannan babu ɗayansu da ke raba garke da maikofulasma har abada, kwantar da ita kawai suke yi, da an sami sanyi ko cunkoso ta taso. Ki kira likitan dabbobi ya auna adadin da nauyin kajin, domin da sanyi shan ruwansu raguwa yake, wadda ta jigata ma ba ta zuwa mazubin. Masu lafiya ne ke shanye maganin. Waɗanda suka jigata sai allura.

Yanzu ga abin da na gaji da maimaitawa duk shekara. Da sanyin Jos ya kama, sai a naɗe ɗakin kaji da tamfol ko leda ruf, ko kafar iska ba a bari. Dusar katako ta jiƙe, zarnin amoniya ya turnuƙe, ya lalata ƙananan gashin cikin maƙogwaro masu share ƙura da majina. Shi ke nan an buɗe wa cuta ƙofa. Ki shiga ɗakin da asuba, ki durƙusa daidai tsayin kan kaza. In idonki ya yi yaji, to kajin a cikinsa suka kwana. Ki rufe ƙasan taga ta ɓangaren da iska ke bugowa, ki bar sama a buɗe, ki kwashe jiƙaƙƙiyar dusa ta gefen mazubin ruwa, ki rage cunkoso. Wannan bai kai kuɗin ƙullin magani ɗaya ba.

Kuma ba kowane minshari ne na bakteriya ba. Cutar Niyukasul da murar tsuntsaye bairus ke kawo su, antibayotik ba ya taɓa su. In kika ga mutuwa farat ɗaya, ko murɗewar wuya, ko koren zawo, ki daina zuba magani, ki sanar da jami'an dabbobi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa tana nan Vom tun 1924, ga ta kusa da mu, ana kai samfuri a gwada.

Wani matashi daga Bukuru ya tambaya ko zai iya ba buraila, wato kajin nama, tiyamulin alhali abincinsu na da maganin kashin jini. Ɗana, duba buhun: in akwai monensin, salinomaisin ko narasin, kada ka kuskura, haɗuwarsu guba ce, tana shanye ƙafafu har ta kashe.

Wani alhaji daga Farin Gada ya ce yana ninka magani ya tsaya a kwana na biyu da zarar tari ya lafa. Alhaji, ka bi adadin da kwanakin da aka rubuta har ƙarshe, kada kuma ƙwai ko nama ya fita kasuwa sai wa'adin janye maganin da ke jikin takardar ya cika.