Lissafin Bond da injin bugun dutse

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa lissafin Bond na 1952 (wanda injiniya Fred Bond ya fitar kan farfasa dutse) ba ya faɗa maka girman tsakuwar da injin bugun dutse zai fitar. Ai ba don wannan aka yi shi ba. Kuzarin da za a kashe yake auna maka, kuma ya fi dacewa da injin niƙa.

A injin bugu, fara da gudun gudumar da ke juyawa tana bugun dutsen. Kuzarin da kowane kilo ke samu shi ne rabin gudun sau kansa: mita 40 a daƙiƙa na ba da jul (ma'aunin kuzari) 800, kusan 0.22 kWh a tan. Ka ninka gudun, kuzarin ya ninku huɗu.

Sai ka saka kuzarin a matsayin E a wani lissafi daban, wanda ke nuna yawan farfashewa: t10 = A(1 − e^(−bE)). t10 shi ne kason ɓaraguzan da ba su kai kashi ɗaya cikin goma na girman dutsen asali ba. A shi ne iyakar da t10 zai iya kaiwa, b kuma yana nuna saurin kusantar iyakar. Su biyun ba a cinkarsu, sai an riƙa sako ƙarfe daga sama kan duwatsu ɗai-ɗai, a tankaɗe, a auna. Da t10 ya kusa A, ƙarin gudu guduma kawai yake ci. Ƙananan duwatsu ma taurin kai gare su, don tsagar cikinsu kaɗan ce.