Kuɗin shigar da ƙara, da abin da ke bayansa

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, kuma daga karatu na gane da zafin rai ka rubuta shi. Ka ce abokin cinikinka ya riƙe maka kuɗi wata takwas, ka je kai ƙara, aka ce sai ka biya kafin a karɓi takardarka. Kake tambaya wannan wace irin al'ada ce, a cuci mutum sannan a ce ya biya kafin a ji kukansa, ko ba sayar da adalci ba ne wannan.

Al'adar ta girme ni, ta girmi kakannina. A tsohuwar daular Rum, mai ƙara da wanda ake ƙara kowa sai ya ɗaura kuɗi tun kafin a fara, tsabar tagulla 50 idan abin rigimar ƙarami ne, 500 idan babba ne. Wanda ya yi nasara ya tsira da nasa, na wanda aka kayar ya tafi baitulmali. Hikimar a fili take: idan ƙofa a buɗe take kyauta, duk wanda maƙwabcinsa ya harare shi sai ya garzaya gaban alƙali. Ga kuma takarda da rajista da ma'aikata, dole wani ya ɗauki nauyinsu.

Amma kokenka ma tsoho ne, kada ka zaci kai ka fara. A 1215 manyan Ingila suka tilasta wa Sarki John ya amince da yarjejeniyar Magna Carta, a cikinta ya yi alkawarin ba zai sayar wa kowa adalci ba, ba zai hana ba, ba zai jinkirta ba. A 1495 kuma aka yi dokar da ta ba talaka damar shigar da ƙara ba tare da biya ba, har a naɗa masa lauya. Ko kwanan nan, a 2013, gwamnatin Birtaniya ta sa wa ma'aikata kuɗin kai ƙarar masu ɗaukarsu aiki, wani ya kai fam 1,200. Ƙararraki suka ragu da kusan kashi biyu bisa uku. A 2017 Kotun Ƙolinsu ta soke kuɗin, ta ce ya toshe wa mutane hanyar shari'a, aka mayar wa waɗanda suka biya. To ni a ganina, kuɗin da ke sa mutum ya tsaya ya yi tunani ba laifi ba ne. Wanda ke mayar da mai gaskiya gida saboda aljihunsa babu, shi ne sayar da adalcin da ka faɗa.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Na yi shekaru a teburin magatakarda, kuma ban cika ganin wanda kuɗin shigar da ƙara ya karya ba. Shi ne mafi sauƙi a cikin tafiyar, shi kaɗai ne ma ake gaya maka adadinsa tun farko. A kotunan tarayya na Amurka dala 405 ne ga ƙarar da ba ta laifi ba. A Ingila yana bin girman abin da kake nema: daga sama da fam 10,000 ana karɓar kashi 5 cikin 100, har kuɗin shigar da ƙarar ya tsaya a fam 10,000. Ka ga can, wanda ya kumbura buƙatarsa don fushi, kansa ya fara yi wa tsada.

Bayan wannan sai a kai sammaci, da kuɗinsa. Takardar rantsuwa, kwafin takardu, duk wata buƙata da lauyanka zai gabatar, kowace da nata. Shi lauyan shi ne babban bango, wani da awa yake lissafi, wani da zama, wani kaso zai ɗauka idan an ci. Shaidunka kai za ka kawo su. Sannan ga wanda ba a ba da rasit a kansa, wato ranakunka. Ka rufe sana'a, ka yi sammako, ka zauna a benci har rana ta take, a kira sunanka, lauyan wancan ya miƙe ya ce bai shirya ba, a ɗage. Minti uku an gama, yininka ya tafi.

Ka kuma tambayi wa ke biyan ɗawainiya idan an gama. A Ingila da Jamus, galibi wanda aka kayar shi ke ɗaukar nauyin abokin shari'arsa. A Amurka kowa ya biya lauyansa, ko ya ci ko ya faɗi, sai inda doka ko yarjejeniya ta ce ba haka ba. Shari'a mace ce da ciki, ba wanda ya san abin da za ta haifa, don haka ka san wace ƙa'ida ce a kanka tun kafin ka sa hannu.

Akwai wani dattijo da ba na mantawa. Ya ci shari'arsa bayan zama da yawa, ya zo teburina da wani tsohon ambulan cike da rasit, ya ninke kowanne gida huɗu. Na miƙa masa takardar hukunci, ya juya ta gaba da baya, ya ce, "To ina kuɗin?" Sai da na yi masa bayani cewa zartar da hukunci wani aiki ne daban, da nasa kuɗin, kuma wancan na iya ɗaukaka ƙara. Da aka je kame kaya, aka tarar mutumin ba shi da abin da ya kai rabin bashin. Dattijon nan bai ce uffan ba, ya mayar da takardar cikin ambulan ɗin, tare da rasit.

Ban ce kada ka je ba. Haƙƙinka ne, kuma wani ba ya jin magana sai ya ga sammaci a hannunsa. Amma ka fara gano ko abokin naka yana da abin biya. Ka rubuta masa takardar neman kuɗinka, da ranar da ka ɗiba masa, ka riƙe kwafi. Idan akwai wanda ku biyu kuke jin nauyinsa, a gwada sulhu, a rubuta, a sa hannu. In ya ƙi, ka tambayi magatakarda ko akwai sashen ƙananan basussuka, domin ƙasashe da dama suna da shi, ya fi arha, kuma mutum kan tsaya wa kansa ba lauya. Ka tambayi takardar neman sassauci ko yafe kuɗin idan hali ya matse, ba abin kunya ba ne. Duk abin da ka biya kuma ka karɓi rasit na hukuma. Wanda ya ce ka ba shi a hannu zai gaggauta maka, ka bar wurinsa.

Ba ka gaya mini ko kun rubuta yarjejeniya ba ranar da ka ba shi kuɗin, ko akwai wanda ya shaida. Ka turo mini hoton duk abin da ke hannunka, har saƙonnin waya, in duba kafin ka koma.

Ka gaida mahaifiyarka.

Kawunka