Nisan Dubai zuwa Los Angeles da Batun Maganin Barci

Tambaya: Likita, mahaifiyata mai shekara 68 za ta tashi daga Dubai zuwa Los Angeles. Tikiti ya nuna tashi da safe, sauka da rana a wannan ranar, amma an ce mini tafiyar ta fi haka nisa, kuma wani ya ba da shawarar ta sha maganin barci don kada ta galabaita. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Malam, damuwarka tana kan hanya. Tsakanin biranen biyu akwai kimanin kilomita 13,400, kuma jirgin da ba ya yada zango yakan shafe kusan awa 16 a sama. Abin da ya ruɗe ka a tikiti shi ne bambancin agogo, domin Dubai tana gaban Los Angeles da awa 11 ko 12, gwargwadon lokacin shekara. Idan Hajiya ta ga allon kujera yana nuna jirgi ya nufi can arewacin duniya, kada ta ɗauka ɓatan hanya ne. Duniya a dunƙule take, nan ne hanya mafi kusa.

Shawarar maganin barcin ce ta ɓata mini rai, domin kullum sai na ci karo da ita, galibi daga bakin mutanen da ba su taɓa duba majiyyaci ba. Wanda ya kwankwaɗi ƙwaya ya sheme a kujera, gwiwa a lanƙwashe awa goma ba motsi, jini yana taruwa a jijiyoyin sharaɓarsa har ya iya daskarewa, kuma idan gudan jinin ya ɓalle ya toshe jijiyar huhu, ana iya rasa rai. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ya nuna haɗarin daskarewar jinin yana ninkawa biyu da zarar zaman tafiya ya kai awa 4. Gaskiya ne yawancin matafiya suna sauka lafiya, amma tsufa, ƙiba, ciwon daji, tiyatar da ba a daɗe da yi ba, duk suna ƙara haɗarin. Wasu dattawan har ƙin shan ruwa suke yi don kunyar tayar da na kusa da su zuwa bayi, wanda ƙarin gishiri ne a kan ciwo.

Ka nema mata kujerar bakin hanya, ta riƙa miƙewa tana ɗan takawa bayan kowace awa ɗaya ko biyu, tana motsa idon sawu ko a zaune, tana shan ruwa. Safar da ke matse ƙafa tana taimakawa, amma likitanta ne zai yanke hukunci a kanta, haka ma asfirin, kada ta sha don wani ya ce. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi mata wuya, ko ƙirji ya riƙa sukarta, ko da makonni bayan sauka ne, a kai ta asibiti nan take, a kuma gaya wa likita cewa ta yi doguwar tafiya a jirgi.