Tambaya da Amsa: Silin ɗin tsohon gida da zaren da ido ba ya gani

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni kafinta ne a Unguwar Rogo, Jos. An ba ni jingar cire silin a wani tsohon gida a Bukuru, wanda aka ce tun zamanin kamfanonin kuza aka gina shi. Ɗan mai gidan ya ce in yi hattara, wai asbestos ne kuma yana jawo ciwon daji. Maigidana da ya koya mini sana'a kuwa ya ce shekara talatin yana yanka shi da zarto ko tari bai taɓa yi ba, kuma wai farin ba ya illa. Don Allah yaya ake gane mai illa, da me ake auna shi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam kafinta. Allah ya sa wa sana'a albarka.

Ka tuna mini da ƙuruciya. Lokacin hunturu, in mun kewaye wuta da daddare, ɓaraguzan rufin asbestos muke tsintowa mu jefa ciki, mu ja da baya muna jiran ya fashe tau! kamar bindiga. Manya kan tsawata mana don kada ɓarɓashi ya tsone wa wani ido. Ƙurar kuwa ba wanda ya damu da ita.

Asbestos suna ne da aka haɗa wa ma'adinai shida da ake haƙowa daga dutse, halittarsu zare-zare. Farin, wato kirisotayil, zarensa mai laushi ne yana lanƙwasa, kuma shi aka fi cuɗawa da siminti a yi rufi da silin. Sauran biyar ɗin dangi ɗaya ne da ake kira amfibol, miƙaƙƙu kamar allura, cikinsu har da shuɗi da mai ruwan ƙasa. Maigidanka ya taɓo gaskiya ta gefe ɗaya: masu kama da allurar sun fi daɗewa a huhu, sun kuma fi haddasa mesoteliyoma, sankarar tantanin da ya lulluɓe huhu, wadda likita Wagner ya danganta da shuɗin asbestos a Afirka ta Kudu a 1960. Amma hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa duka shidan a rukuni na ɗaya, na abubuwan da aka tabbatar suna sa mutum ciwon daji. Rashin tari kuma ba shaida ba ne, domin cutar kan yi shekara 20 zuwa 40, ko fiye, kafin ta bayyana. Allah ya ƙara masa lafiya, amma kada ka yi koyi da shi a nan.

Awon kala biyu ne. Na farko, a ɓalli ɗan guntun silin a kai ɗakin gwaji, a duba shi da irin maikiroskof ɗin, wato madubi mai ƙara girma, da masu nazarin duwatsu ke aiki da shi, a gane ko akwai asbestos da kuma wane iri ne. Ido ba ya raba wannan gardama, musamman da yake sababbin allunan da ba su da shi ko kaɗan ma asbestos muke ce musu a kasuwa.

Na biyun shi ne awon iska, kuma nan ne aikin yake da ban sha'awa. Ana rataya wa ma'aikaci ƙaramin famfo a ƙugu, da matata a kusa da wuyan rigarsa, yana aiki tana zuƙar iskar da yake shaƙa. Daga baya a ɗora matatar a ƙarƙashin madubi mai ƙara girma kamar sau 500, mutum ya zauna yana ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. Ba kowane ɗigo ake ƙirgawa ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce zaren ya wuce maikiromita 5 a tsawo, kaurinsa bai kai 3 ba, tsawonsa kuma ya haura kaurinsa sau uku. Maikiromita ɗaya shi ne ka raba milimita ɗaya ta tef ɗinka gida dubu. Gashin kanka ya kai kaurin maikiromita 50 zuwa 100. Dalilin ƙa'idar kuwa, siriri ne ke iya kutsawa can ƙasan huhu, dogo kuma shi ne ƙwayoyin da ke share huhu suke kasa haɗiyewa, sai ya zauna yana sukar nama shekara da shekaru. Dokar wurin aiki a Amurka ta tsaya a zare 100 cikin lita ɗaya ta iska. Tarayyar Turai a 2023 ta rage nata zuwa 10.

Wannan ƙirga tana da raunin da ya kamata a faɗa. Madubin ba ya ganin zaren da kaurinsa bai kai kusan maikiromita 0.2 ba, alhali binciken Stanton na 1981 ya nuna dogaye masu tsananin siranta ne suka fi haddasa ƙari a jikin dabbobin gwaji. Ba ya kuma bambanta asbestos da zaren auduga. Sai an koma ga maikiroskof mai aiki da ilektaron, mai tsada, kafin a ga siraran a kuma san sinadarinsu.

Sannan jerin ma'adinai shidan nan kasuwa ce ta haife shi, domin su ne ake haƙowa a sayar. A ƙauyukan Karain da Tuzkoy na Turkiyya, mutane sun gina gidaje da dutse mai ɗauke da iriyonayit, wani ma'adini mai zare wanda ba ya cikin jerin, mesoteliyoma ta yi musu mummunar ɓarna. Wasu ma'adinai masu zare da ba sa cikin jerin ma sun jawo cutar a garin Biyankabila na Italiya da Libi ta jihar Montana a Amurka. Har yau kuma masana na jayayya kan tsinken da ke ɓallewa daga dutsen amfibol in an farfasa shi: ya cika ƙa'idar tsawo da kauri, amma ba a zare aka halicce shi ba. Masu fasa dutse na son a cire shi daga lissafi. Ni dai a ganina, wanda yake shaƙa bai kamata ya jira su gama musu ba.

Aikinka na Bukuru, tunda gidan tsoho ne, ka ɗauka asbestos ne sai in gwaji ya nuna akasin haka. Allon da ke zaune lafiya bai cika sakin zare ba, fasawa da yankawa ne ke tayar da shi. Ka jiƙa shi da ruwa mai ɗan sabulu, ka zare ƙusoshi, ka sauke kowane allo ɗungurungum. Ban da zarto, ban da injin yanka, ban da tsintsiya a busasshiyar ƙasa, sai tsumma mai laima. Takunkumin yadi ba ya tare wannan zare, ka nemi mai lamba P3 ko P100 da ke kama fuska sosai. A naɗe allunan a leda mai kauri, kada yara su kwashe, kayan aikinka kuma kada su shiga wankin iyali. In kana shan taba, ka sani haɗuwarta da asbestos na ninka haɗarin sankarar huhu. Kuɗin takunkumi da leda da ƙarin kwanakin aiki, ka sa su cikin jingar tun kafin ka hau tsani.