Shekara biyu ɗana yana kareti, har yanzu koren bel: in canza masa kulob?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana mai shekara 11 ya shekara biyu yana zuwa kareti a wani kulob da ke unguwarmu, sau biyu a mako. A takardarsu an rubuta Shotokan, kuma koren bel gare shi. Watan jiya aka yi musu jarrabawar ƙarin bel, na biya kuɗi, malaminsu ya ce bai ci ba, sai ya sake nan da wata uku. Ga ɗan maƙwabciyata, a bayansa ya fara a wani kulob ɗin, ko shekara ɗaya da rabi bai cika ba an ɗaura masa baƙin bel har da liyafa. Yanzu nawa ya ce shi ba zai koma ba. Shin ja masa rai ake yi don a ci kuɗinmu? In mayar da shi can ne?
Wata uwa daga Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya mana shi, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi.

Kada ki cire shi saboda kalar bel. Akwai dalilan da suka isa a cire yaro daga kulob, zan zo kansu, amma abin da kika bayyana ba ya cikinsu. Hasalima, a labarin yaran nan biyu, wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na ɗan maƙwabciyarki.

Mu fara da lissafi. Kafin baƙin bel akwai matakai da ake kira kyu, ana ƙirga su daga sama zuwa ƙasa: sabon shiga yana kyu na 10 ko na 9, yana ci gaba lambar tana raguwa har ta kai kyu na 1. Daga nan sai dan na 1, wato baƙin bel na farko. A yawancin ƙungiyoyin Shotokan, wato salon karetin da ɗanki yake yi, ana barin aƙalla wata uku tsakanin jarrabawa da jarrabawa, sannan tsakanin kyu na 1 da baƙin bel a jira wata shida ko ma shekara. Ki haɗa ki gani. Yaron da bai taɓa fashi ba, bai taɓa faɗuwa ba, da ƙyar ya kai kafin shekara uku. To wane yaro ne ba ya fashi? Ga jarrabawar makaranta, ga azumi, ga zazzaɓin damina, ga hutun da ake tafiya wajen kaka. Shi ya sa a zahiri shekara huɗu zuwa biyar ake ɗauka, yara ma sukan wuce haka. Koren bel a kulob da yawa kyu na 6 ne, kusan tsakiyar hanya ke nan. Yaro mai zuwa sau biyu a mako ya kai nan cikin shekara biyu, tafiyarsa daidai take.

Na ce a kulob da yawa, don kalar ba ta da doka guda. Wani kulob ɗin rawaya ce ke bin fari, wani kuma ruwan lemo, wani ya sa ja a ciki. Koren wani shi ne shuɗin wani. Idan kina son sanin matsayin ɗanki, lambar kyu za ki tambaya, tana nan a rubuce a satifiket ɗinsa.

Shi kansa bel ɗin baƙo ne a kareti. A tsibirin Okinawa inda kareti ya taso, malami yana koyar da 'yan almajirai kaɗan ne a tsakar gidansa, sau da yawa da dare, babu bel babu satifiket. Jigoro Kano, wanda ya kafa judo a 1882, shi ya shigo da tsarin dan cikin wasannin kare kai, ya fara bai wa ɗalibansa a 1883. Da Gichin Funakoshi, malamin Okinawa da Shotokan ya samo asali daga gare shi, ya kai kareti Tokyo a 1922, sai ya ari tsarin tare da fararen kayan 'yan judo, kuma a watan Afrilun 1924 ya bai wa mutum bakwai dan na farko a kareti. Yawan kalolin nan da muke gani yau daga baya suka yaɗu, musamman a Turai, inda ake danganta yaɗuwarsu da wani malamin judo, Mikinosuke Kawaishi, da ya koyar a Faransa tun shekarun 1930. Amfaninsu biyu ne: ɗalibi ya ga alamar yana gaba, malami kuma ya san wa zai haɗa da wa idan ya dubi sahu. Har gobe babu wata hukuma guda a duniya da ke riƙe da ikon baƙin bel. Kowa zai iya sayo shi a shagon kayan wasanni, ya buga takarda mai tambari. Darajarsa tana ga wanda ya yi jarrabawar da abin da ya nema kafin ya bayar.

To me ake nema? Abu uku. Na farko kihon, wato tubalan wasan: tsayuwa, naushi, tarewa, shuri, a yi gaba a dawo baya bisa ƙirgar malami. Na biyu kata, jerin motsi ne da aka tsara tun da, ɗalibi ya yi shi kaɗai kamar yana fuskantar abokan faɗa ta ko'ina. Na uku kumite, karawa da abokin atisaye, wanda a matakin ɗanki tsararre ne, mai kai hari yana faɗar inda zai kai kafin ya motsa.

Idan kulob ɗinsu na bin tsarin da ya yi kama da na JKA, babbar ƙungiyar Shotokan ta Japan, to daga kyu na 6 zuwa na 5 katar da ake nema ita ce Heian Yondan, mai motsi 27. Ita ce ta huɗu cikin kata biyar na Heian da wani malamin Okinawa, Anko Itosu, ya tsara a farkon ƙarni na 20, lokacin da aka shigar da kareti makarantun Okinawa. Yara da yawa a nan suke yin tuntuɓe na farko, kuma akwai dalili. Katocin ukun da suka gabace ta yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa zai iya haddace su ya wuce da sauri da ƙarfi. Ita wannan da motsi biyu na a hankali take buɗewa. Yaro zai zauna kan ƙafarsa ta baya, kusan kashi 70 cikin 100 na nauyinsa a kanta, ya ɗaga buɗaɗɗun hannaye sannu a hankali har su tsaya daidai lokacin da ƙafa ta tsaya. A nan ba inda za a ɓuya. Mai jarrabawa yana zaune bayan teburi, idonsa a kan gwiwar baya: ta tsaya bisa yatsun ƙafa, ko ta faɗo ciki? Kansa yana hawa yana sauka idan ya taka? Da ya yi shurin gefe, ya janye ƙafar kafin ya sauke, ko ya yar da ita ƙasa kamar ba tasa ba? Ya juya kai ya dubi inda za shi kafin jikinsa ya juya? Yaro zai iya kawo motsi 27 ɗin nan cif, babu mantuwa ko ɗaya, ya faɗi, alhali uwarsa da ke kallo daga benci ba ta ga kuskure ba. Ita gwiwar da ke faɗowa ciki ba maganar kyan gani ba ce kawai. Idan aka bari ya saba a haka, ya yi ta maimaitawa shekara da shekaru, ciwon gwiwa ake tara masa.

Batun kuɗi kuwa, tambayarki tana kan hanya, kuma ba zan ce babu masu cin kuɗin iyaye a wannan harka ba. Akwai su. Sai dai ki lura da yadda suke yi: mai neman kuɗi ba ya kayar da yaro, ƙara masa bel yake yi. Kowane wucewa sabon kuɗin jarrabawa ne, sabon bel, sabuwar takarda, ga iyaye suna murna suna kawo 'ya'yan maƙwabta. Malamin da ya dubi uwa ya ce ɗanta bai ci ba ya san yana iya rasa ɗalibin gaba ɗaya, kamar yadda ake shirin yi yanzu. Duk da haka haƙƙinki ne ki san inda kuɗinki ke tafiya. Ki tambaye shi nawa ne na mai jarrabawa, nawa ne na satifiket, kuma idan yaro zai maimaita, cikakken kuɗi zai sake biya ko ragi. Malamai da yawa ba sa karɓar komai a maimaici, ko su karɓi kaɗan. Ki duba satifiket ɗin da ke hannunki: akwai sunan ƙungiya, sunan wanda ya yi jarrabawar da matsayinsa, kwanan wata da lambar kyu? Ki kuma tambaya ko kulob ɗin yana da rajista da ƙungiyar kareti ta jiha, wadda ke ƙarƙashin ta ƙasa. Malamin kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Abu ɗaya da zan ɗora wa malamin ɗanki, idan har bai yi ba, shi ne bayani. Bai kamata a sallami yaro mai shekara 11 da "ba ka ci ba" kawai ba. Ya kamata a kira shi gefe a nuna masa abu biyu ko uku da zai gyara, a kuma faɗa masa abin da ya yi daidai. Ni a ganina ma, yaron da malami ya san bai shirya ba, gara kada a sa shi a jarrabawar tun farko.

Game da ɗan maƙwabciya, ban ga wasansa ba, kuma laifin ba nasa ba ne. Ko a Japan akwai yara masu baƙin bel, amma za ki tarar sun fara tun suna ƙanana sun shekara da yawa a kai, wasu ƙungiyoyin kuma na yara suke bayarwa, sai an girma a sake jarrabawa. Mai neman dan na 1 a Shotokan ana sa ran ya riƙe katocin Heian biyar da Tekki Shodan, ya kawo babbar kata irin Bassai Dai mai motsi 42 ko Kanku Dai mai 65, sannan ya yi kumite da ya fi na matakin ɗanki wuya. A cusa wannan duka cikin wata 18, tamkar a yi wa yaro walimar sauka ne alhali bai gama haɗa baƙi ba. Abin da nake ji masa tsoro shi ne ranar da zai je gasa a sa shi rukunin masu baƙin bel na gaske, ko ranar da zai yarda cewa ya iya faɗa ya tsaya wa wanda ya kamata ya guje wa.

Abin da nake so ki yi, Hajiya, ki je ki zauna a ajin daga farko har ƙarshe, a ranar da ba ta jarrabawa ba. Ki ga ko ana ɗumama jiki kafin a fara. Ki ga ko malamin yana zagayawa cikin sahu yana gyara wa yara ƙafa da hannu yana kiran sunayensu, ko yana gaba ne yana ƙirga kawai. Ki dubi masu bel ruwan ƙasa, wato na gab da baƙin bel, don su ne hoton abin da ɗanki zai zama nan da shekara biyu: tsayuwarsu ta fi ta ƙanana ƙarfi? Suna tausaya wa ƙanana idan an haɗa su? Sannan ki lura ko ana barin yara su sha ruwa, musamman a zafin bazara.

Idan kika ga ana dukan yara da sanda ko bel da sunan horo, ki ɗauke shi ranar. Haka idan ana sa su tsallen kwaɗo a matsayin hukunci, ko dogara da dunƙulen hannu a kan siminti, ko dukan katako da bango don wai hannu ya yi tauri. Ƙashin yaro bai gama ƙwari ba, kuma irin wannan tsallen an daɗe da daina shi a makarantun Japan saboda illarsa ga gwiwa. Haka idan ana haɗa ƙaramin yaro da ƙato a bar su suna naushin fuska babu abin kariya, ko malami yana keɓewa da yaro shi kaɗai, ko yana hana iyaye kallo. Waɗannan su ne dalilan barin kulob, kuma ko malamin dan nawa gare shi ba ya wanke su.

Shi kuma yaron, kada ki yi masa faɗa, kada kuma ki ce masa malaminsa ya zalunce shi. Kunya ce ke damunsa, abokansa sun canza bel shi yana nan, kuma a shekarunsa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ki raka shi wajen malamin, shi da bakinsa ya tambayi abin da ya rage masa. Ku yi yarjejeniya ya koma na wata ukun nan kawai, bayan jarrabawar ku sake zama. A gida minti goma ya isa: ya yi katar sau uku a tsakar gida, ɗaya a hankali sosai, ki ɗauke shi a waya ya kalli gwiwarsa da idonsa. Yara kan gane kuskurensu a bidiyo fiye da yadda suke ganewa idan an faɗa musu. Idan akwai ƙaramar gasar kata ta yara a jiha, ki nemi malamin ya sa shi, don ganin sa'o'insa na wasu kulob yakan farfaɗo da sha'awar yaro.

Idan bayan kin je kin gani kika yanke shawarar canza masa wuri, ko kuka tashi daga unguwar, ki tafi da satifiket ɗinsa duka. Kulob mai salon Shotokan yawanci zai bar shi da bel ɗinsa, ya dube shi na 'yan makonni kafin ya tabbatar masa da matsayin. Idan kuwa wani salon ne, irin Goju-ryu, Shito-ryu ko Wado-ryu, katocinsu da tsayuwarsu sun bambanta, don haka kada ki yi mamaki idan aka ce ya koma farin bel na ɗan lokaci. Wanda kuma ya yi miki alkawarin ƙara masa bel tun bai ga wasansa ba, kada ki bar masa ɗanki.