Me ya sa har yanzu ake kai fiffike ramin iska

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce tunda kwamfuta tana lissafa gudun da fiffiken jirgin sama zai fara karkarwa, me ya sa injiniyoyi suka riƙe al'adar ƙera ƙaramin samfuri su sa shi a ramin iska, wato inda ake hura masa iska mai ƙarfi don gwaji, su kuma girgiza jirgin a ƙasa kafin ya tashi? Kana ganin bin tsofaffi ne ido rufe.

To, saurara. Fiffike yana lanƙwasawa sama da ƙasa, yana kuma murɗawa. A ƙaramin gudu iska ce ke lallashin wannan motsi har ya lafa. Amma akwai gudun da in an kai shi, motsin biyu sai su haɗa kai, fiffiken ya riƙa zuƙar ƙarfi daga iskar, kowace kaɗawa ta fi ta baya, kafin ka ce kwabo ya ɓalle. Na taɓa tsayawa bayan gilashi ina kallon samfurinmu yana ɗan kaɗa baki, lafiya ƙalau. Aka ƙara iska kaɗan, sai tsintar gutsattsarinsa muka yi a ragar ƙarshen ramin. Lissafinmu kuwa cewa ya yi da sauran tazara.

Ba raina lissafi nake ba. Masani Theodorsen ya shimfiɗa ka'idar karkarwar fiffike tun 1935, hanyar lissafin da injiniyoyi Albano da Rodden suka fitar a 1969 kuma har gobe da ita ake aiki. Matsalar tana kusa da gudun sauti, inda igiyar matsin iska ke kai-komo a bayan fiffike, gudun karkarwar ya faɗo ƙasa, sauƙaƙan lissafi kuma bai ganinsa sosai.

Ka tuna jiragen Electra biyu da fiffikensu ya cire a sama a Amurka, 1959 da 1960, ba wanda ya tsira. A ramin iska na NASA da ke Langley samfuri ya nuna cewa in maɗaurin inji ya yi rauni, farfela takan yi layi ta ja fiffiken su karye tare.

Batun girgiza jirgin a ƙasa kuma, kwamfuta jirgin da aka zana a takarda ta sani. Injin girgiza ne ke gaya maka yadda jirgin da aka ƙera, da kusoshinsa da man da ke cikinsa, yake amsawa, sai ka koma ka gyara lissafin. Daga nan matuƙin gwaji ya riƙa ƙara gudu sannu a hankali, ana duba ko kaɗawar tana mutuwa da wuri. Doka ma ta ce babban jirgin fasinja ya kuɓuta daga karkarwa har kashi 15 cikin ɗari sama da iyakar gudun da aka tsara masa.

Ranar da za a girgiza naku jirgin, kada ka zauna a ofis jiran takarda. Je ka ɗora tafinka a bakin fiffiken ka ji yadda yake rawa. Ka gaida mahaifiyarka.