Amsoshin Tambayoyinku: Na'urar Lantarkin Kai da Koyon Motsin Jiki

Tambaya: Malam, ni ɗan ƙwallo ne, a filin Giginya muke atisaye. Na ga tallan wata na'ura a Facebook, ana ɗaura ta a kai, wai tana tura lantarki cikin ƙwaƙwalwa mutum ya yi saurin ƙwarewa. In saya? Daga wani matashi a Mabera.

Amsa: Kada ka saya, ɗana. Abin yana da asali a kimiyya, ana ce masa tDCS. A 2000 wasu masana biyu a Jamus, Nitsche da Paulus, suka nuna cewa ɗan lantarki kaɗan da aka bi da shi ta fatar kai yana sa sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsi ya fi saurin amsawa na ɗan lokaci. Ƙarfinsa miliyamfiya 1 zuwa 2 ne, ana sa shi kamar minti 20 ta soso biyu da aka jiƙa da ruwan gishiri. A 2009 wani bincike a Amurka ya sa mutane suna koyon matsa wani abu da yatsu biyu kwana 5 a jere, waɗanda aka sa wa lantarki suka fi riƙe abin da suka koya tsakanin yini da yini, kuma tazarar na nan bayan wata 3. Amma aikin yatsu ne a ɗakin gwaji, kuma dukkansu sai da suka yi ta maimaitawa. Wasu binciken da suka biyo baya sun samu ƙaramin bambanci, wasu ba su samu komai ba. Wani kamfanin Amurka ya fito da irin wannan na'ura mai suna Halo Sport a 2016 don 'yan wasa, a 2021 aka sayar da kadarorinsa. Sayi takalmi mai kyau, ka kuma riƙa samun isasshen barci, domin a cikinsa abin da jiki ya koya yake zaunawa.

Tambaya: Babanmu ya samu shanyewar ɓarin jiki wata huɗu ke nan, hannunsa na dama bai motsi sosai. Wani mai talla ya kawo mana na'ura har gida, ya ce tana tada jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Kuɗin sun fi na buhun gero, ina tunanin sayar da 'yan kunnena. Daga wata 'yar uwa a Runjin Sambo.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri, 'yata. Bar 'yan kunnenki a kunnenki. Manyan gwaje-gwajen da aka yi wa masu shanyewar jiki a Jamus da Amurka ba su nuna cewa ƙara wannan lantarki ya fi motsa jiki kaɗai amfani ba. Abin da aka tabbatar yana dawo da hannu shi ne maimaita aiki kullum: ɗaukar kofi, sa maɓallin riga, kai loma baki. Ku kai shi sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a koya muku abin da za ku riƙa yi masa a gida. Kuɗin nan su tafi ga mota da maganin hawan jini, idan likita ya rubuta.

A nan zan tsaya in yi magana, don abin yana ci mini rai. Mai ciwo a gida shi ne kasuwar waɗannan mutane. Sau da yawa abin da suke yawo da shi na'urar tausar tsoka ce mai batir, wadda ake manna wa a baya ko cinya, sai a sauya mata kwali a ce ta ƙwaƙwalwa ce. Irin wannan ba a sa ta a kai ko a gaban wuya, ko kaɗan. Muna taya buhun shinkafa rumfa uku kafin mu biya, muna buɗe bakin rago mu duba haƙora, amma abin da za a jona wa kan mahaifinmu sai mu karɓa daga jakar baƙo don ya iya zance! Ina lambar NAFDAC? Ina sunan kamfani da adireshinsa? Ina shagon da za a mayar idan ta lalace? Ko ta gaskiyar ma tana sa ƙaiƙayi da ciwon kai, tana kuma ƙona fata idan soso ya bushe, ga shi a zafin Sakkwato bushewa ba ta da wuya. Mai farfaɗiya, da mai ƙarfe a kai, da mai na'urar bugun zuciya, da mai juna biyu, duk ba a sa musu sai da izinin likita. Mai tallan ya tambaye ku ko Baba ya taɓa farfaɗiya? Ina kyautata zaton bai tambaya ba.

Tambaya: Ni mai gyaran waya ne, zan iya haɗa ta da batir mai bolt 9 in sa wa ƙanena da ke koyon ɗinki? Daga Arkilla.

Amsa: A'a! Wannan wace irin tambaya ce? Kan yaro ba allon caji ba ne, kuma ƙwaƙwalwarsa ba ta gama girma ba. Saya masa ƙyallaye da zare, ya zauna kan keke awa biyu kullum a gaban maigidansa.